Waƙa tana yankewa a sifika? Tambayoyi da amsoshi kan WiFi na gida

Tambayoyin nan su ne dai kullum ake turo min, daga Kubwa, Gwarinpa, Lugbe, Karu, har da masu shago a Wuse, duk a nan yankin Abuja, shi yasa na ga gara in tara su wuri ɗaya kowa ya duba tasa. Aikina haɗa WiFi da kayan sauti a gidaje, kuma tun yanzu in faɗa maka yawancin matsalar nan a cikin gida take, ba a wajen kamfanin da kake sayen data ba, dan haka kafin ka zagi kowa ko ka tafi kasuwar kayan lantarki ta Banex sayo sabuwar rauta, wato na'urar da take raba WiFi a gida, ka ɗan karanta tukuna.

Oga waƙa tana cikin tafiya sai ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Netwok ne ko?

Zai iya zama shi, amma kar ka yanke hukunci da wuri. Akwai intanet ɗin da yake shigo maka gida daga waje, ko ta layin MTN ko Airtel ko Glo, ko faiba, ko Starlink, sannan akwai WiFi ɗin da rautarka take rabawa ɗakuna, kuma kowanne yana iya samun matsala ɗayan yana nan lafiya ƙalau. Ga yadda zaka gane. Ɗauki wayarka ka tsaya kusa da rauta, ka kunna waƙar a wayar kanta ba a sifika ba, ka barta ta yi kamar minti goma. In ta yanke a nan ma, to intanet ne. In ta tafi sumul amma da ka mayar kan sifikar ɗaki sai ta fara sarƙewa, WiFi ɗinka ne bai kai can da ƙarfi ba. Gwaji na biyu ya ma fi wannan, ka ɗauko sifikar gaba ɗaya ka ajiye ta ɗaki ɗaya da rauta na yamma guda, in ta daina yankewa ai ka san inda zaka sa hannu.

To ai na gwada gudun intanet ɗin na ga 40Mbps, me kuma ya rage?

Waƙa bata cin gudu ranka ya daɗe. Spotify in ka kai shi Very High 320kbps ne, ko 1Mbps bai cika ba. Abun da take so kawai kar hanyar ta riƙa tsinkewa. Kuma gwajin nan da kayi a wayarka kayi shi, wataƙila ma kana zaune a falo gaban rautar, ita kuwa sifikar tana can bayan bango biyu da ƙaramar eriya a cikinta. Wani abun da mutane basa lura da shi shine turawa sama, wato wayar Hajiya tana kwashe hotunan biki zuwa Google Photos, yaro yana ɗora bidiyo a status, kyamarorin CCTV suna ta aikawa, duk wannan in ya cika layin sai komai na gidan ya shaƙe ko da lambar gudun tana da kyau.

A ina ya kamata in ajiye rauta? Tawa tana cikin durowar talbijin dan kar falo ya yi muni.

Hajiya a nan matsalar take wallahi. Rauta a cikin durowa, bayan talbijin, kusa da dikoda da tarin wayoyi, kin riga kin cinye rabin ƙarfinta tun bata fita falo ba, ga kuma zafi, lokacin Maris da Afrilu a Abuja ki taɓa ta ki ji, kuma in ta yi zafi sosai rage aiki take ko ta kashe kanta ta sake tashi. Ki fito da ita fili, ki ɗora ta sama kamar tsayin kafaɗa ko fiye, kuma in da hali ta kasance tsakiyar gida ba ƙarshen bango ba. Gidajenmu bulo da siminti ne, dekin kuma cike yake da rodi, ƙofofin ƙarfe, madubi babba, firij, duk suna tare siginar. Bango ɗaya ba komai, biyu an fara jin jiki, uku kuma sai addu'a.

Sai dai akwai inda abun yake rikicewa. In rautarki mai SIM ce, ita tana son bakin taga dan ta kama sabis daga waje, shi kuma WiFi yana son tsakiyar gida, to biyun basa haɗuwa a wuri ɗaya. Abun da nake yi a irin wannan gidan, in bar mai SIM ɗin a tagar da ta fi samun sabis, in ja kebul daga bayanta zuwa wata rauta ta biyu a tsakiyar gida. Wannan kebul ɗin, wanda ake kira LAN, yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba, kuma shi ne abu mafi arha a duk harkar nan.

Ina ganin suna biyu a WiFi ɗina, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wanne zan sa wa sifika?

Wannan 5G ɗin na WiFi ba shi ne 5G na layin waya ba, 5GHz ake nufi, ɗayan kuma 2.4GHz. Shi 2.4 yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma cunkoso ne da shi kamar hanyar Nyanya zuwa Mararaba da yamma, dan kowa a kansa yake, rautocin maƙwabta, Bluetooth, kyamarori, har abun ɗumama abinci na maikrowef in an kunna shi a nan yake zuba hayaniyarsa. Shi kuma 5GHz fili ne ga gudu, amma bango biyu ya ishe shi ya galabaita. Dan haka sifikar da take ɗaki ɗaya da rauta ko maƙwabcin ɗaki ka sa ta a 5GHz in tana karɓa, ta nesa kuma 2.4.

Sifiku da yawa musamman tsofaffi da masu arha 2.4 kaɗai suka sani, ko ganin ɗayan basa yi. In rautarka ta haɗe biyun ƙarƙashin suna ɗaya, galibi zaka ga an rubuta Smart Connect ko Band Steering, kuma sifikar ta ƙi shiga, ka raba su kowanne da sunansa. Masu Starlink ma a manhajarsu akwai wajen raba su.

Ina zaune a estate, in na buɗe WiFi sunaye sun fi ashirin. Yana da illa?

Sosai ma, kuma wannan ita ce cutar masu zama a fulat. A 2.4GHz layuka uku ne kacal basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Ka sauke WiFi Analyzer a wayar Android ka ga inda maƙwabta suka taru, sai ka shiga saitin rautarka ta burauza, adireshin yana rubuce a ƙarƙashinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, ka nemi inda aka rubuta Channel ka zaɓi wanda ya fi sauƙin mutane cikin ukun nan. Kar ka ce zaka yi wayo ka zaɓi 3 ko 9, hayaniyar ɓangare biyu zaka kwasa. Faɗin layin kuma ka barshi a 20MHz. Tunda manhajar tana hannunka, je ka tsaya daidai inda sifikar take ka duba lambar ƙarfin sigina, in kaga -50 zuwa -60 lafiya lau, wajen -67 an zo iyaka, in ta wuce -75 ta nufi -80 to ba saitin da zai cece ka sai dai a matso da wani abu.

Sifikar tana kan WiFi, wayata ma haka, amma wayar bata ganinta kwata-kwata.

Wannan ce ta fi ba mutane haushi dan komai yana nuna lafiya. Fara da mai sauƙi, ka tabbata da gaske wayar tana kan WiFi ɗin, saboda wayoyi suna da halin komawa kan datar SIM a ɓoye in suka ga WiFi ya yi rauni, ka kashe datar ka gani. Sai VPN, in a kunne yake kashe shi, sau da yawa shi kaɗai ne. In iPhone ce ka shiga Privacy ka duba Local Network ka ga ko an ba manhajar izini, tun iOS 14 aka kawo wannan kuma mutane suna danna a'a ba tare da sun karanta ba. A Android kuma izinin Location da Nearby devices ne, musamman lokacin haɗawar farko.

In duk wannan daidai ne sai a koma kan rauta. Kar wayar ko sifikar ta kasance a WiFi na baƙi, wanda ake rubuta Guest, dan an yi shi ne takanas saboda na'urori kar su ga juna. Haka in akwai AP Isolation a kunne ka kashe. Sai babbar, gidan da yake da rauta biyu kowacce tana raba adireshinta, waya tana kan ta sama sifika tana kan ta ƙasa, a ido gida ɗaya ne amma a wajensu unguwa biyu ce daban. Ta biyun a mayar da ita Access Point, wato ta daina raba nata adireshin ta riƙa watsa WiFi ɗin ta farko kawai, shikenan sai su haɗu. Na sha shiga gidan da aka canza sifika har aka yi faɗa da mai shago, alhali wannan saitin ne kawai.

Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ko aka juya zuwa janareta, sai sifikar ta ɓace.

Saboda sifikar tana riga rauta tashi. Ita cikin daƙiƙu kaɗan ta farka tana neman WiFi, rauta kuma sai ta ɗauki minti ɗaya zuwa biyu, mai SIM ma ta fi haka kafin ta kama sabis, to wasu sifikun in suka nema basu samu ba sai su haƙura. Gyaran gaggawa, ka jira fitilun rauta su daidaita sannan ka zare sifikar daga soket ka mayar. Gyaran dindindin kuma ka hana rautar mutuwa gaba ɗaya, ko ka sa ta a layin inbata, ko ka sayi ƙaramin UPS ɗin nan na rauta mai batir a ciki. Ka duba adaftar rautarka kafin ka saya, yawanci 12V ne amma akwai masu 9V, kar ka haɗa ba ka duba ba. In kana son ƙari, a saitin DHCP na rautar, wato inda take raba wa na'urori adireshi, akwai wajen da zaka kafe wa sifikar adireshi ɗaya kar ya riƙa canzawa bayan kowace ɗaukewar wuta.

Da damina kuma in hadari ya taso da tsawa, zare rautar da sifikar daga bango ya fi.

Me ya bambanta Bluetooth da WiFi a wajen jin waƙa? Ni dai in kira ya shigo sai karatun ya tsaya, kowa kuma ya ji ƙarar saƙona.

To Malam kana kan Bluetooth kenan. A Bluetooth wayarka ce take ɗauko sautin ta miƙa wa sifika, duk abun da ya fito daga wayar can zai tafi, kira ne ko saƙon WhatsApp, kuma zangonsa kamar mita 10 ne, in ka sa wayar a aljihu ka shiga kicin sai ya fara kakkatsewa. Amfaninsa baya buƙatar intanet ko rauta, in ka riga ka sauke tafsirin ko waƙar a waya shikenan.

Spotify Connect da Chromecast daban suke aiki, wayar umarni kawai take bayarwa, sifikar ce da kanta take jawo waƙar daga intanet, dan haka kana iya amsa kira ko ka fita masallaci da wayar abun yana ci gaba. Shi yasa a nan ƙarfin WiFi a wajen sifikar ne abun dubawa ba a wajen wayar ba. AirPlay na masu iPhone yana tsakiya, ta WiFi yake bi amma daga wayar sautin yake fitowa, in ka fita daga gida ya tsaya, kuma in wayar tana lungun da sigina bata da ƙarfi zai yanke ko da sifikar tana manne da rauta. Wannan ɗan jinkirin na kamar daƙiƙa biyu da kake gani kafin ya fara ba lalacewa bane, haka aka yi shi.

In kuma manhajar da kake jin waƙa da ita bata da alamar turawa sifika, to Bluetooth ko igiyar AUX, babu wani abun kunya a ciki.

Data fa? Kar in wayi gari giga goma ta tafi.

Lissafin ba wuya. 320kbps yana cin wajen 144MB a awa, 160kbps wajen 72MB, 96kbps kuma wajen 43MB. In gidanku ana kunna sauti awa biyar kullum a 320kbps, ka ga an haura giga 20 a wata. A ƙaramar sifikar kicin gaskiya ba zaka ji bambancin 160 da 320 ba, ka rage kawai. Masu cinye data na gaske su ne masu kunna bidiyon YouTube dan jin sauti kaɗai, ana sauke hoton da ba mai kallo. Abun da kake ji kullum, kamar karatun Alƙur'ani da safe, ka sauke shi sau ɗaya a waya ya wuce wajen.

Na canza rauta, sai na bi sifiku huɗu ɗaya bayan ɗaya ina sake haɗawa?

A'a. Ka sa wa sabuwar rautar sunan WiFi da faswod irin na tsohuwar sak, babban harafi da ƙarami duk yadda suke, da kansu zasu shiga. In sun ƙi, duba tsaron, sabbin rautoci suna zuwa da WPA3 wanda tsofaffin sifiku basu san shi ba, ka mayar WPA2 ko wanda ya haɗa biyun.

Ɗan'uwana ya aiko min da sifika daga Amurka, ta ƙi ganin WiFi ɗina sam.

Kafin komai, dan Allah ka karanta jikin adaftar. In an rubuta 100-240V ba damuwa, in kuwa 120V kaɗai ne kar ka kuskura ka sa ta a soket ɗinmu kai tsaye, wutarmu 230V ce, hayaƙi zaka gani. Game da WiFi kuma, kayan Amurka a 2.4GHz daga layi 1 zuwa 11 suke tsayawa, in rautarka ta zaɓi 12 ko 13 da kanta to sifikar ba zata taɓa ganinta ba, ka kafe ta a 1 ko 6 ko 11. In ta hannu ce kuma, ko daga waje ko a kasuwa ka saya, sai an goge ta ta koma yadda ta fito daga kamfani dan wataƙila har yanzu tana riƙe da WiFi da akawun ɗin mai ita na da.

Gidan bene ne kuma ina son sauti har BQ. In sayi abun ƙara sigina ɗin nan da ake sokawa a soket?

Ni dai ba na sonsa, zan faɗi gaskiya. Yana karɓa ne ya sake watsawa da eriya ɗaya, dan haka gudun yana raguwa kusan rabi, kuma mutane suna kai shi can ɗakin da babu sigina su soka, to me zai ƙara, abun da bai samu ba? In dole sai shi, a tsakiyar hanya ake sa shi inda siginar take da sauran ƙarfi. Wanda yake bi ta wayar wutar gida ma ban cika ba da shawararsa a nan ba, gidajenmu ga layin inbata daban, ga canjin janareta, wani gidan fes uku, sai ka ga ɓangaren sama da na ƙasa basa jin juna. Abun da yake aiki ba ciwon kai shi ne kebul zuwa sama da kebul zuwa BQ, kowanne da Access Point ɗinsa, suna ɗaya faswod ɗaya. In mai gida ya hana huda bango, to sai mesh, wato ƙananan rautocin da suke haɗuwa da juna ba kebul, mai guda biyu ko uku, ɗaya kusa da matattakala. Masu gini yanzu kuma, ku sa a bi da kebul ɗin LAN irin Cat6 cikin fayif tun kafin a yi filasta da POP, daga baya kuɗin ya ninka ga ɓata bango.

Sifikar falo da ta ɗaki basa tafiya tare, ɗaya tana gaba ɗaya tana baya.

In kamfaninsu ɗaya ko tsarinsu ɗaya, kamar duk AirPlay 2 ko duk a rukuni ɗaya cikin Google Home, ya kamata su daidaita, in basu yi ba to ɗaya tana fama da raunin sigina, kuma mai raunin ita take jawo wa sauran matsala. Wacce take da ramin LAN a baya ka sa mata kebul. In kuwa ɗaya Bluetooth ce ɗaya WiFi, ko ɗaya ta talbijin take bi, kar ka wahalar da kanka, ba zasu taɓa zama daidai ba.

MiFi kawai gareni, ko hotspot na waya. Zai yi?

Zai yi a ɗaki ɗaya ko ƙaramin fulat. MiFi eriyarsa ƙarama ce, kuma yana da iyakar na'urorin da yake ɗauka, ka duba kwalinsa, in yara da baƙi sun cika shi sifikar ce zata rasa wuri. Yana kuma yin barci in ya ga ba a amfani da shi dan ya adana batir, ka kashe wannan a saitinsa. Hotspot kuma matsalarsa in mai wayar ya fita, gidan ya yi tsit.

Da rana lafiya lau, amma daga bayan Magariba zuwa sha ɗaya abun ba ya jiyuwa.

Lokacin kowa ya dawo gida kenan, naka gidan da na maƙwabta, kuma in layin SIM kake amfani da shi turken sabis na unguwar ma ya cika. Maimaita gwajin farko a daidai wannan lokacin. In a gaban rauta ma yana yankewa, gwada SIM ɗin wani kamfanin na kwana biyu ka gani, dan a Abuja layin da yake tashi a Gwarinpa zai iya kwanciya a Lugbe, har titi da titi ma yana bambanta. In kuwa a gaban rauta lafiya ne, koma kan maganar layi 1, 6, 11 da 5GHz.

In danna ɗan ramin nan na Reset a bayan rauta?

Sai in komai ya ƙi. Kashewa da kunnawa daban, wannan kam kayi duk sanda kake so, ka zare ta kamar daƙiƙa 30 ka mayar. Amma ramin nan in ka danna shi da tsinke ka riƙe, komai zai goge, sunan WiFi, faswod, in faiba ce har bayanan shiga da kamfanin ya sa maka, sai ka zauna ba intanet kana jiran su turo ma'aikaci. Kafin ka taɓa shi ka ɗauki hoton kowane shafi na saitin da wayarka, ka kuma duba ko akwai sabuntawa da take jiran rautar ko sifikar a manhajarsu, ka yi ta lokacin da kasan wuta ba zata ɗauke a tsakiya ba.